Ɗakin Cin Abincin Masana'anta: Gyaran da Ya Wuce Fenti da Kujeru

Ɗakin cin abinci na masana'anta wuri ne da kamfani ke keɓe wa ma'aikatansa su ci, su sha, su ɗan miƙe ƙafa a tsakiyar aiki. A wani kamfanin zaure ne kawai mai benci da famfo, kowa ya zo da kwanonsa daga gida. A wani kuwa akwai cikakken kicin da kuku da mataimakansa, ana ɗora sanwa sau biyu ko uku a yini, gwargwadon yadda aka karkasa ma'aikata tsakanin safe da yamma da dare. A taswirar gini shi ne yakan zo ƙarshe, bayan injuna da sito da ofisoshi sun zaɓi wurinsu, kuma idan kasuwa ta ja baya kuɗinsa ake fara zaftarewa. Duk da haka, shi ne ɗaki guda da kusan kowane ma'aikaci ke shiga kullum, kuma a nan ne yake zama ba tare da inji na jiransa ba. Shi ya sa idan kamfani ya tashi gyara shi, abin da ya fito yakan bayyana matsayin ma'aikaci a idon mai masana'anta fiye da duk jawabin da za a yi a bikin ƙarshen shekara.

Ciyar da ma'aikata a wurin aiki ba tare da masana'antu aka haife shi ba. A farkon zamanin injuna a Ingila, ma'aikaci a gindin injinsa yake ci, ko a bakin titi, da abin da ya ƙullo tun asuba ko wanda yaro ya kawo masa daga gida. Kamfanoni ƙalilan ne suka ga akwai abin gyara. Lokacin da iyalan Cadbury, masu yin cakulan, suka mayar da masana'antarsu Bournville a wajen birnin Birmingham a 1879, sun tanadi wurin da ma'aikata za su ɗumama abincinsu su zauna su ci, daga baya kuma a shekarun 1920 suka gina katafaren ginin cin abinci. Sauran masu masana'antu na kallon irin wannan a matsayin alherin masu tsoron Allah, ba wani abu da ya shafi riba ba.

Yaƙi ne ya canza lissafin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Birtaniya ta kafa kwamitin duba lafiyar masu ƙera makamai a 1915, ta kuma shiga ƙarfafa wa kamfanoni gwiwa su buɗe ɗakunan abinci, har da rangwamen haraji. Dalilin bai tsaya ga tausayi ba: hukuma na so ta raba ma'aikata da gidajen giya, inda da yawa ke zuwa lokacin hutun rana, kuma ta lura mai yunwa ba ya jure dogon aiki. A yaƙi na biyu abin ya zama doka. A 1940, ƙarƙashin ministan ƙwadago Ernest Bevin, wanda shi kansa tsohon jagoran ƙungiyar ma'aikata ne, aka fitar da umarnin da ya ba hukuma ikon tilasta wa masana'antar da ke aikin gwamnati mai ma'aikata sama da 250 ta buɗe ɗakin abinci. Ɗakunan suka zama dandali sosai, har BBC ta riƙa watsa wani shirin nishaɗi mai suna Workers' Playtime kai tsaye daga cikinsu, daga 1941 har zuwa 1964.

Bayan yaƙi wasu ƙasashe suka ɗauka. Dokar masana'antu ta Indiya ta 1948 ta ba jihohi ikon wajabta ɗakin abinci a masana'antar da ma'aikatanta suka haura 250, tare da kwamitin gudanarwa mai wakilan ma'aikata a ciki. A 1956 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar da shawararta mai lamba 102 kan walwalar ma'aikata, wadda ta yi magana a kan ɗakunan abinci, da sauƙin farashi, da cewa kada a tilasta wa kowa cin abincin kamfani. Burazil ta bi ta hanyar haraji: tun 1976 take da shirin ciyar da ma'aikata, inda kamfanin da ya ciyar yake samun sassauci. A 2005 kuma ILO ta wallafa wani littafi na Christopher Wanjek kan abinci a wurin aiki, wanda ya ƙiyasta cewa rashin ingantaccen abinci na iya cinye har kashi 20 cikin ɗari na abin da ma'aikata za su iya samarwa. Bahaushe ya riga su faɗa a taƙaice, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da aka yi a Ivrea

Wani misalin ɗakin abinci da masana gine-gine ke ambato yana garin Ivrea, arewa da Turin a Italiya, a gindin duwatsun Alps. A nan Camillo Olivetti ya kafa kamfanin ƙera tafireta a 1908. Ɗansa Adriano, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a shekarun 1930, ya taɓa yin aiki a cikin masana'antar yana yaro, kuma bai manta da yadda maimaita motsi guda daga safe zuwa yamma ke dakushe tunanin mutum ba. Da ya samu iko sai ya sa aka yi wa sababbin gine-ginen masana'antar bango na gilashi, domin mai aiki ya riƙa ganin hasken rana da duwatsun da ya taso a cikinsu. Ya gina gidan renon yara, da ɗakin karatu, da asibitin ma'aikata, da gidaje.

Kamfanin na da wurin cin abinci tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, amma da ma'aikata suka ninka a shekarun 1950 wurin ya yi kaɗan. Adriano bai ce a ƙara tebura a matse mutane ba. Ya ba Ignazio Gardella, ɗaya daga cikin manyan masu zanen gini na Italiya a lokacin, aikin sabon gini. An fara zanen a 1953, aka kammala ginin a 1961, shekara guda bayan rasuwar Adriano, wanda ya mutu a cikin jirgin ƙasa a watan Fabrairun 1960.

Abubuwan da Gardella ya zaɓa su ne darasin. Na farko, ya fitar da ginin daga cikin masana'anta gaba ɗaya, ya kai shi gefen tudu a bayanta, cikin itatuwa, ta yadda mai zuwa cin abinci sai ya bar ƙarar injuna da warin mai, ya taka ƙasa, ya shaƙi wata iska. Na biyu, bai yi dogon zaure mai kusurwa huɗu irin na bariki ba. Ya yi gini mai kusurwa shida wanda ya bi yanayin tudun, da manyan tagogi da baranda zagaye da shi, don haka duk yawan jama'a mutum ba ya jin an tara shi cikin garke. Na uku, bai ɗauki hutun rana a matsayin lokacin cusa abinci kawai ba. A ginin akwai ɗakunan hutawa da na nishaɗi, kuma kamfanin ya saba gayyato marubuta da masana su yi wa ma'aikata lacca.

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu 'yan ƙwadago na lokacin na ganin duk wannan dabara ce ta ɗaure ma'aikaci da kyautatawa har ya kasa ɗaga murya, wasu masu masana'antu kuma na ganin ɓarnar kuɗi ce da za ta sa nasu ma'aikatan su fara ƙorafi. Zargin farko ba a rasa ƙamshin gaskiya a cikinsa ba, domin abin da mai gida ya bayar don ra'ayinsa yana iya janyewa ranar da ra'ayin ya sauya, ko ranar da kamfanin ya koma hannun wani. Amma ginin ya daɗe fiye da gardamar. A 2018 UNESCO ta saka Ivrea cikin wuraren tarihi na duniya a matsayin birnin masana'antu na ƙarni na 20, ginin cin abincin na cikin abubuwan da aka lissafa.

Kamfanoni kaɗan ne ke da aljihun Olivetti. Sai dai tambayoyin da ginin ya amsa, wato ina za a ci, cikin minti nawa, cikin wane yanayi, da wa, su ne dai ke gaban duk mai gyaran ƙaramin zaure a yau.

Minti, ruwa da hayaƙi

Abin da ya kamata a fara aunawa kafin a kira mai fenti shi ne lokaci. Hutun ma'aikaci ƙayyadadde ne, kuma daga lokacin da jiniya ta kaɗa yake fara ƙarewa. Cikinsa zai kashe inji, ya cire kayan kariya, ya taka zuwa ɗakin, ya wanke hannu, ya bi layi, ya nemi wurin zama, ya ci, ya mayar da faranti, ya yi alwala da salla idan mai yi ne, ya koma. A ƙaddara an saki mutum 300 lokaci guda, mai zuba abinci ɗaya ce, kuma tana sallamar kowa cikin daƙiƙa 10. Mutum shida ke nan a minti, na ƙarshe a layi sai bayan minti 50 zai karɓi nasa. Idan hutun rabin awa ne, kusan rabin mutanen ba za su ci ba, ko su ci a tsaye, ko su koma aiki a makare a yanke musu albashi. Irin wannan ɗaki ko da zinare aka shafe bangonsa ma'aikata za su guje shi.

Maganin ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Ana raba wurin zuba abinci gida biyu ko uku, a raba wurin biyan kuɗi da wurin zubawa, ko a kawar da kuɗin hannu gaba ɗaya a koma tikiti ko katin ma'aikaci, tunda neman canji na cikin abubuwan da suka fi tsayar da layi. Ana sakin sassan masana'anta bi da bi, tazarar minti goma ko sha biyar, abin da ke rage yawan kujerun da ake buƙata. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, wurin ajiye farantan da aka gama da su kuma kusa da ta fita, don kada mai ɗauke da miya ya yi karo da mai ɗauke da ƙashi. Famfunan wanke hannu su kasance a kan hanyar shiga, da yawa, da sabulu. Idan aka ɓoye su a lungu, mutum mai sauri ba zai neme su ba.

Wanke hannu a masana'anta ya wuce maganar ladabi. Wanda ya yini yana taɓa sinadarin jima, ko fenti, ko batir mai dalma, ko man inji, yana iya haɗiye guba tare da lomarsa. Wannan ne ya sa dokokin masana'antu, har da dokar Nijeriya ta 1987, suka hana cin abinci a ɗakin da ake aiki da abu mai guba da ke tayar da ƙura ko tururi, suka kuma wajabta samar da ruwan sha da wurin wanka ko wanke jiki. Ɗakin abincin da aka manna a jikin sashen da ke fitar da ƙura, taga na kallon taga, ya cika umarnin a takarda ne kawai.

Mafi yawan kuɗin gyara na gaskiya a kicin yake tafiya, inda baƙon da aka zagaya da shi ba ya leƙawa. Ƙa'idar ita ce abinci ya tafi gaba kawai, kada ya dawo baya: daga inda ake sauke kaya zuwa sito, zuwa wurin wankewa da yanka, zuwa murhu, zuwa wurin zubawa. Ɗanyen nama kada ya haɗa hanya da dafaffe, kwandon shara kada ya bi ta gaban tukunya. Daɓe ya zama mai ɗan gangare zuwa magudana, da tayil wanda ba ya santsi, magudanar kuma da wurin tare maiƙo, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta toshe wari ya tashi. Teburan aiki na ƙarfe mara tsatsa sun fi na katako, wanda ke tsagewa ya ɓoye ƙazanta. Buhunan shinkafa da gari a ɗora su kan katako nesa da ƙasa da bango, tagogi a sa musu raga saboda ƙuda, tulun gas a ajiye shi waje a inuwa. Sai hayaƙi da zafi: kicin da ba shi da bututun zuƙe hayaƙi yana gasa masu girki, yana baƙanta sabon silin, yana kuma tura ƙauri cikin zauren.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita kiyaye abinci a lambobi masu sauƙin riƙewa: a dafa shi har cikinsa ya kai digiri 70, mai zafi a riƙe shi sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. Tsakanin 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Ma'anar wannan ga mai gyara ita ce firji da abin riƙe zafi ba ado ba ne, kuma inda wuta ba ta tsayawa dole a haɗa kicin da janaretan masana'anta. Sau da yawa layin injuna na kan janareta, firjin nama kuwa yana jiran a kawo wuta. Haɗarin a nan ya fi na gida girma, saboda tukunya ɗaya ce ke ciyar da kowa. Idan ta gurɓata, sashe guda na iya kwantawa a yini ɗaya. Shi ya sa manyan kicin ke bin tsarin HACCP, wanda kamfanin Pillsbury ya ɓullo da shi tare da hukumar NASA a shekarun 1960 domin abincin 'yan sama jannati: a gano matakan da abinci zai iya gurɓata, a sa ido a kansu, a rubuta abin da aka gani kullum. Duba lafiyar masu girki lokaci-lokaci, da ba su hutu idan suna gudawa ba tare da yanke musu kuɗi ba, na cikin wannan. Kukun da ya san za a yanke masa kuɗin yini zai ɓoye ciwonsa ya zo aiki.

A cikin zauren kansa, abin da aka fi mantawa shi ne ƙara. Mutumin da ya fito daga sashen saƙa ko na niƙa, inda ƙarar kan haura ma'aunin desibel 85 da ake ɗauka a matsayin iyakar da ke fara cutar da kunne a aikin awa takwas, yana buƙatar wurin da zai ji maganar na kusa da shi. Zaure mai tayil a ƙasa, siminti a bango, kwano a sama, yana mayar da ƙarar cokali da kujera ninki biyu. Silin mai shanye sauti, da roba a ƙafafun kujeru, da rage tsawon tebura, suna yin aikin da talabijin ɗin bango ba zai yi ba. Hasken rana, da iska mai ratsawa, da inuwa a waje ga mai son zama a can, su ma ba su da tsada idan tun a zane aka tuna da su. Launin fenti, wanda ake daɗewa ana muhawara a kansa a ofis, shi ne mafi ƙarancin tasiri a duk jerin.

Akwai kuma watannin aikin gyaran. Idan aka rufe ɗakin aka bar ma'aikata suna ci a gindin bango cikin ƙura har wata huɗu, za a buɗe sabon wurin ne ga mutanen da ransu ya riga ya ɓaci. Rumfa ta wucin gadi mai ruwa da benci, ko yin aikin rabi-rabi, na cikin kuɗin gyara.

Abin da ke cikin faranti, da wanda ke biya

Gini ba ya ƙosar da kowa. Bayan an yanke kirtani, abin da zai sa mutane su ci gaba da zuwa shi ne abincin da farashinsa. Kamfani ko dai ya ɗauki masu girki da kansa, ko ya ba ɗan kwangila. Hanya ta biyu ta fi yawa, kuma a nan ne matsala ta fi ɓuya. Idan aka yanke wa ɗan kwangila kuɗin faranti aka bar shi haka shekara guda alhali kayan miya na tashi, ba zai yi asara ba. Naman ne zai ƙanƙance, miyar ta tsinke, malmalar ta ragu, mai da gishiri da ɗanɗano su ƙaru don rufe giɓin. Kwangila mai kyau tana faɗin nauyin abin da za a zuba, da yadda za a sake duba farashi idan kasuwa ta motsa, da wanda ke da ikon shiga kicin ba tare da sanarwa ba.

Abincin mai aikin ƙarfi daban yake da na mai zaman ofis, amma cika ciki da tsaba kaɗai ba ciyarwa ba ne. Ƙarancin jini, wanda rashin sinadarin ƙarfe ke jawowa, yana rage ƙarfin aiki. Binciken da aka yi kan masu tsagar roba a Indunusiya a shekarun 1970 ya nuna masu ƙarancin jini ba sa tara abin da lafiyayyu ke tarawa, kuma da aka ba su maganin aikinsu ya ƙaru. Wake, ganye, ƙwai, kifi ko nama ko da kaɗan ne, suna da gurbi a faranti. A ɗaya gefen kuma hawan jini da ciwon sukari na yaɗuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kuma kicin da ke ciyar da mutum sau 26 a wata yana da hannu a lafiyarsa ko ya sani ko bai sani ba. Masu aikin dare su ne marayun wannan tsari. Sau da yawa ragowar na rana suke tararwa, ko ƙofa a kulle, alhali su ne ba su da inda za su saya a waje.

A yankunan masana'antu na Kano, irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa, da Kakuri a Kaduna inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ɗakin abincin ma'aikata da yawa a zahiri bakin ƙofa ne. Nan masu abinci ke jera kuloli, shinkafa da wake, ɗanwake, tuwo, taliya, ga mai shayi a gefe. Suna da abubuwa biyu da kicin ɗin kamfani ba ya cika samu: sun san bakin kowa, kuma suna ba da bashi har ƙarshen wata. Abin da ba su da shi shi ne ruwan famfo, da inuwa, da kariya daga ƙurar manyan motoci. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abinci ya zama babban nauyi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. A ƙaddara faranti ɗaya naira 1,000 ne, kwana 26 sun cinye 26,000, sama da sulusin albashin, kafin a yi maganar mota da haya da cefanen gida. Ma'aikaci a irin wannan hali tsallake abincin rana yake yi, ya sha ruwa ya koma kan inji. Tallafin faranti a wurinsa ya fi sabuwar kujera daraja nesa ba kusa ba.

Saboda haka gyaran da ya fara da korar matan bakin ƙofa ya fara da kuskure. Ya fi dacewa a shigo da su: a ba su rumfuna masu ruwa da magudana a cikin harabar, a duba lafiyarsu, a koya musu ƙa'idojin zafi da sanyi, kamfani ya ba ma'aikata tikitin da za su miƙa wa wadda suka ga dama. Gasa tsakaninsu za ta tsare ɗanɗano fiye da kowane sufeto. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba wanda ke aikin awa shida ko fiye hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a inda mafi yawan ma'aikata Musulmi ne, wannan awa ita ce ta azahar. Wurin alwala da masallaci kusa da ɗakin abinci na ceton mintuna masu yawa. A watan azumi kuma jadawalin kicin kan juye: rana ta yi shiru sai ga waɗanda ba sa azumi, waɗanda su ma haƙƙinsu ne su samu abinci, nauyin ya koma buɗa-baki ga masu aikin yamma da sahur ga masu kwana. Mata ma'aikata na buƙatar ɓangaren da za su sake, da makewayi nasu, masu shayarwa kuma da ɗan ɗaki mai sirri.

Wa ke ci a ina

Tambaya ta ƙarshe ba ta bulo da siminti ba ce. A tsofaffin masana'antun Birtaniya an saba samun ɗakunan abinci hawa-hawa, na leburori, na akawuna, na manajoji, na daraktoci, kowane da irin teburinsa. Lokacin da kamfanin Nissan na Japan ya buɗe masana'antarsa a Sunderland a 1986, ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja hankali shi ne ɗakin abinci guda ga kowa, manaja na bin layi ɗaya da mai ɗaura taya. Amfanin wannan a aikace yake. Ranar da miya ta yi tsami, wanda ke da ikon kiran ɗan kwangila ya ɗanɗana da bakinsa. Inda manya ke ci a wani ɗaki mai sanyi, ko ake kai musu ofis, ƙorafin faranti sai ya bi ta takarda, kuma takarda ba ta da wari.

Game da gamsuwar ma'aikata, bai kamata a ɗora wa ɗakin abinci abin da ba zai iya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg, a aikinsa na 1959, ya raba abubuwan da ke shafar ma'aikaci gida biyu: waɗanda rashinsu ke jawo ɓacin rai, kamar yanayin wurin aiki da albashi da mu'amalar shugabanni, da waɗanda ke sa mutum ya so aikin kansa, kamar yabo da ci gaba da ba shi amana. An yi ta gardama a kan ra'ayin, amma a wannan batu ya yi daidai da abin da ake gani. Ƙazamin ɗakin abinci na ɓata ran mutane kullum, gyara shi na cire wannan ƙaya, sai dai ba zai maye gurbin albashin da aka riƙe ko ƙarin girman da aka hana ba. Idan ma aka yi gyaran a shekarar da aka ƙi ƙarin albashi, ma'aikata za su lissafa kuɗin tayil su raba da yawansu.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a sa ma'aikata cikin shawara tun kafin a yi zane, kuma a bar su cikin kwamiti bayan an buɗe, irin kwamitin da dokar Indiya ta hango tun 1948. Masu shara da masu wanke-wanke da masu aikin dare sun san inda ruwa ke kwanciya da lokacin da layi ke tsayawa fiye da duk wanda zai zo daga waje da takarda. Awon nasara kuma ba ranar buki ake yin sa ba. Bayan wata shida ake dubawa: mutum nawa ke ci a ciki idan aka kwatanta da da, minti nawa na ƙarshe a layi ke jira, abinci nawa ake zubarwa, mutum nawa ke zuwa asibitin kamfani da ciwon ciki, famfo nawa ke zuba har yanzu. Kamfanin da bai ware kuɗin kula da wurin na kowace shekara ba, da sunan wanda zai amsa tambaya idan famfo ya lalace, bai gama gyara ba, ko da an kira 'yan jarida an ɗauki hoto.